Ranar da Na Ƙirga Shanun Ardo

Ku 'yan kwalejin ilimi da kuke fitowa aikin gwaji, kuna ba ni dariya. Shekaranjiya ɗaya daga cikinku, Rabi 'yar ƙanwata, ta shigo gidana a Limawa tana kaɗa takardar darasi, wai an ba ta 'yan aji uku ta koya musu jam'in sunaye a Turanci, kuma wai minti goma ya ishe ta. "Kawu, ai s kawai ake ƙarawa a ƙarshe," in ji ta. Na ce ta ja kujera ta zauna. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina ƙara wannan s ɗin, tun kafin a yanko Jigawa daga Kano har bayan shekarun da aka ƙaddamar da shari'a, kuma akwai shekarar da ya kusa cinye mini makaranta ɗungurungum. Abin da na gaya mata shi zan gaya muku.

A Taura na koyi aikin. Kwaleji takarda ta ba ni, amma wanda ya koya mini koyarwa hedimastanmu ne, wani dattijo gajere mai saurin tafiya da muke kira Baba Malam, kullum da guntun alli a bayan kunne. Ranar farko da ya leƙo ajina ya tarar na cika allo da kalmomi layi biyu reras, book books, pen pens, yara suna maimaitawa da ƙarfi har ana jiyo su daga bakin titi. Na gyara tsayuwa ina jiran yabo. Sai ya zaro biro biyu daga aljihu ya ɗaga, ya tambayi wani yaro ko mene ne wannan. Yaron ya ce, "Pen pens." Duk ajin suka ce haka ne. Baba Malam ya dube ni ya ce, "Malam Sabo, waƙa ka koya musu. Daga yau kada ka sake koyar da kalmar da yaro bai riƙe a hannu ba, ko bai gani da idonsa ba."

Daga ranar na yi jaka. Wani tsohon buhun taki na wanke na kai wa tela ya sa masa hannu, na zuba cokula, makullai, kwalayen ashana, wuƙaƙe biyu marasa kaifi, ganyen mangwaro, da tumatir idan lokacinsa ne. Kowane kaya da aikinsa. Cokali da makulli su ake fara ba yaro don ya saki jiki, tunda su s ɗin zalla suke ɗauka. Kwalin ashana na box da boxes ne, inda baki yake ƙara gaɓa guda. Wuƙa da ganye su ne 'yan rigima, knife ta koma knives, leaf ya koma leaves, kuma sai yaro ya riƙe biyu a hannu sau da yawa kafin abin ya zauna masa. Ƙafa da haƙori, foot feet da tooth teeth, ba sai an sa a jaka ba, kowa yana zuwa da nasa. Allon ma ni nake gyara abina. In fasa tsofaffin batiran rediyo, in kwaɓa baƙin garin da ruwan ƙaro, in shafe allon ranar Juma'a bayan an tashi, kafin Litinin ya yi baƙi wuluk. Alli kuwa uku nake karya shi, don yaro in ka ba shi dogo rabinsa a ƙasa zai ƙare.

Akwai kuma aikin kunne, wanda ba a rubuta shi a takardar darasi. Yaro zai rubuta maka s ɗin daidai, amma in ya buɗe baki sai ya haɗiye shi. Sai ka tsaya a bayan aji, can nesa, ka ce ba ka ji ba, ya sake, ka ce har yanzu ɗaya ka ji, har ya fusata ya fito da shi. Wannan kaɗai yana cin mako biyu. Rabi dai minti goma ta ware.

Bayan an ƙirƙiro jiha da 'yan shekaru aka tura ni makarantar 'ya'yan makiyaya a wata ruga arewa da Garki. Abokaina suka yi ta yi mini jaje, ni kuwa murna nake, don a can ni ne hedimasta, ni ne malamin aji, ni ne mai buga ƙararrawa. Makarantar inuwar wata tsamiya ce, sai tabarmi biyu da allo mai ƙafa. Ƙararrawar wani tsohon ƙarfen garma ne da na rataye a reshe. Shugaban rugar, Ardo Jibo, dogon mutum ne da ba ya ɗaga murya, shi ya bi gida gida ya tara mini yara ashirin da shida. Iyayen ba wai Turancin ya dame su ba, abin da suke so yaro ya iya karanta katin asibiti da allon hanya, kada a riƙa juya su a birni. A ofishin ilimi kuma an gaya mini ƙa'ida tun ranar da na karɓi takarda: duk makarantar da sufeto ya zo ya tarar yaranta ba su kai ashirin ba, rufe ta za a yi, a ɗauke allon a kai wani wuri.

Ban taɓa koyar da yara masu kaifin kunne irin waɗannan ba. Da harshe biyu suke zuwa tun daga gida, na uku bai ba su tsoro ba. Ranar da na ce musu saniya cow ce, shanu kuma cows, sai wata yarinya mai suna Hansatu, jikar Ardo, ta ce, "Shi ke nan, Malam?" Na ce shi ke nan. Ta ce su a Fulatanci nagge ce take komawa na'i, a Hausa saniya ta koma shanu, amma shi Bature ɗan huci kawai yake ƙarawa kamar mai korar kaji. Suka yi ta dariyar lalacin Bature. Na ce su bari mu kai kan man da men, za su ga shi ma yana da nasa taurin kan.

Ranar da na yi ɓarnar Talata ce da hantsi, bayan an gama tatsa. Na buɗe jaka na ga na baro cokulan a gida. Ina cikin tunanin abin da zan yi sai ga garken Ardo ya fito zai wuce kiwo ta gefen tsamiyar, farare tas, ƙahoni sai ka ce an jera su. Daɗi ya kama ni. Ga kalma tana tafiya da ƙafarta a gaban yara, daidai abin da Baba Malam ya hore ni da shi. Na ce, "Kowa ya miƙe, yau da shanun gaske za mu yi." Na ɗauki sandar nuni ina bin su ɗaya bayan ɗaya: one cow, two cows, three cows. Ƙananan suka bi ni. Manyan suka sunkuyar da kai, Hansatu ta ce a hankali, "Malam, ba a yi." Na ɗauka kunya ce, na ƙara ɗaga murya. Sai da na kai ƙarshen garken, sannan na juya na rubuta adadin a allo da manyan lambobi, na sa cows a gefe, na ja wa s ɗin layi biyu. Makiyayin da yake bayan garken ya tsaya da sandarsa a kafaɗa yana kallon allon. Na ɗaga masa hannu, bai amsa ba.

Ni ɗan manoma ne, a gidanmu a fili ake ƙirga dami don a fitar da zakka, ba wanda yake ganin komai. Ban san cewa a wajen mutanen nan ba a ƙirga shanun mutum da baki ba, balle a nuna su da sanda. A ganinsu yin haka yana jawo wa dukiya baki, albarka ta gudu. Ga kuma tsohon tabon jangali, harajin shanu, don a iya saninsu duk ranar da wani ya zo daga hukuma ya rubuta yawan shanu, ba alheri ne ya biyo baya ba. Ni kuwa na haɗa duka biyun, na kuma yi da bakin 'ya'yansu.

Da la'asar Ardo ya aiko a kira ni. Ya sa aka kawo mini nono, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen gida, sai can ya ce, "Malam, mun ji yau karatu ya fito waje." Na ce, "Ƙwarai, Baffa, ai yaran sun yi ƙoƙari." Ya ce, "A cikin littafin naku babu shanu ne?" A nan ya kamata in gane in ba da haƙuri. Amma ga ƙuruciya ga takardar kwaleji, sai na gyara zama na shiga yi wa dattijo wa'azi, wai camfi ne, wai babu abin da yake samun dabba sai abin da Allah ya rubuta. Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Gaskiya ne, Malam. Allah ya ba mu alheri." Ya miƙe ya shige.

Washegari yara goma sha ɗaya suka zo. Mako uku bayan haka ciwon huhu ya shigo rugar. A duk shekarun aikina ban ga shekara mai muni irin wannan ba. Shanu suna tari, suna tsayawa da wuya a miƙe, ga ciyawa a gabansu ba sa ci. Cutar ba a wajenmu ta fara ba, ta biyo mashaya ne daga wasu rugage, kuma Ardo ya san haka sarai. Sai dai garken da ya fara faɗuwa a rugarmu shi ne wanda na nuna da sanda. Ranar Litinin na buga ƙarfen garma har hannuna ya gaji, ba wanda ya zo sai awaki. A cikin makon ne kuma takarda ta iso cewa sufeto zai zagayo nan da wata biyu. Tsoro ya kama ni ƙwarai, kunya kuma ta fi tsoron.

Abin da na iya shi na yi. Na yi ta zarya Garki a keke har malamin dabbobi ya yarda ya biyo ni da babur ɗinsa. Na riƙe igiya ana yin allura, na sha harbi a cinya, na kama haƙar ramin binne waɗanda suka mutu. Ba wanda ya kore ni, ba kuma wanda ya ce mini sannu. Ko nawa ne suka mutu, har yau ban sani ba, ban kuma tambaya ba.

Wadda ta fitar da ni daga duhu ita ce Goggo Dija, yayar Ardo, mai kai nono kasuwa. Na tarar da ita a hanya ta sauke ƙwarya tana hutawa, na sauka daga keke na durƙusa na gaishe ta. Na ce, "Goggo, don Allah in tambaye ki. In ba kwa ƙirgawa, ta yaya kuke gane wata ta ɓata?" Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai uwarka sai ta ƙirga ku take sanin wani bai dawo ba? Mu ko 'ya'ya ba ma ƙirgawa. Suna muke kira. Woɗe, Saye, Ɓale, kowace da sunanta, mun san uwarta, mun san kakarta. Wadda ba ta ɗago kai ba, ita ce babu." Sannan ta ce in yaran nake son gani, in daina dukan ƙarfe ina firgita maruƙa, in je tafki bayan azahar, can suke.

A bakin tafkin na same su. An kawo maruƙa shan ruwa, su kuma sun baje cikin laka suna ginin shanu. Wasa ne da kowane yaro a rugar ya iya: a murza laka, a fitar da tozo, a ja ƙahoni, a jera a rana su bushe. Suna ganina suka yi tsit. Na naɗe ƙafar wando, na zauna gefe na ɗebo laka na fara tawa. Da na gama na ajiye, Hansatu ta daure ta daure ta kasa, ta ce, "Malam, wannan ai jaki ne." Dariya ta ɓarke. Ta karɓa ta gyara mini tozon, ta nuna mini yadda ake lanƙwasa ƙaho da ɗan yatsa don kada ya karye in ya bushe. Kwana huɗu ina zuwa a matsayin ɗalibi, ban furta kalmar Turanci ko ɗaya ba.

A rana ta biyar na koma wajen Goggo Dija, don wannan karon na ƙudura sai na tambaya kafin in aikata. Na ce, "Goggo, na laka fa, ana ƙirga su?" Ta yi dariya har tana riƙe ƙwarya, ta ce, "Na laka me zai same su? Ƙirga har ka gaji." Na roƙe ta ta shaida wa Ardo. Washegari ta ce ya ce tafki ba nasa ba ne. Na gane izini ne irin nasu.

Wallahi ban taɓa jin daɗin koyarwa irin na makonnin nan ba. Laka ta fi jakata nesa ba kusa ba, don duk kalmar da ta gagara shiga buhu yaran sai su gina ta. Suka gina san noma guda, ox, suka ƙara masa ɗan'uwa suka zama oxen. Suka gina ɗan maraƙi, calf, da 'yan'uwansa calves, na ce su tuna da wuƙa, suka tuna. Suka gina makiyayi da sandarsa, man, da abokansa men, da mata masu ƙwarya a ka, women. Da muka zo kan tumaki na ce ko ɗaya ce ko ɗari sheep ce, ba a ƙara komai. Wani yaro ya ce ashe Bature ma ba ya son a san yawan tumakinsa. Ranar har ni sai da na kwanta don dariya. In jera dabbobi a ƙasa, in ɗauke ɗaya, in ƙara biyu, su kuma suna rige-rigen faɗa, hannu duk laka. Abin da yake cin wata guda a aji, a tafki kwana goma ya ci. Sai dai fa a tafki ne. Tsamiya har lokacin ba wanda ya taka, kuma sufeto ba zai rubuta tafki a takardarsa ba.

Ana gobe zai zo na tafi wajen Ardo. Na tuɓe takalmi tun daga nesa, na durƙusa na ce, "Baffa, laifi biyu na yi. Na ƙirga abin da ba nawa ba, na kuma yi maka wa'azi a ƙofar gidanka. Ka yafe mini. Gobe in ba yara, ɗauke allon za a yi." Ya ce, "Allah ya kai mu goben." Da wannan na tafi, ban san matsayina ba.

Da safe na shimfiɗa tabarmi, ban taɓa ƙarfen garma ba. Can sai ga su suna fitowa ta cikin gonaki, kowa da dabbobinsa na laka a ƙoƙo. A bayansu ga Ardo da waɗansu dattawa, suka shimfiɗa buzaye a gefe suka zauna. Na fahimci ba rakiya suka yi ba, zuwa suka yi su ga abin da mutumin hukuma zai yi da 'ya'yansu. Sufeton ya iso a babur. Mutumin kirki ne amma sauri yake yi, akwai wasu makarantun a gabansa ranar. Ya gaisa a tsaye, ya zaro fom, ya cire murfin biro, ya miƙa hannu yana nuna kawunan yaran: "One, two, three, four."

Na ga Ardo ya kai hannu ga sandarsa zai miƙe. Ban san lokacin da na tsallake tabarma na riƙe hannun sufeto ba, har da biron. Ku da kuke sababbin shiga ku sani, ƙaramin malami ba ya riƙe hannun sufeto, ana raba mutum da aiki a kan abin da bai kai wannan ba. Ya dube ni, ya dubi hannuna, ya ce, "Malam Sabo, lafiyarka kuwa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, a nan suna ake kira. Ga rajista. Ka bari in kira, kai kuma ka yi lissafinka a zuci, don girman Allah."

Ya ce, "Ka san abin da kake yi?"

Na ce na sani. Ya zare hannunsa, fuskar nan a murtuke, ya karɓi rajistar ya ce, "Kira."

Da ka na kira su, tunda rajistar tana hannunsa. Na ce Hansatu, ta miƙe ta ɗaga shanun noma biyu ta ce, "Two oxen, sir." Na kira na gaba, ya ɗaga nasa ya ce three calves. Na bayansa ya ce four men. Da aka zo kan mai tumaki ya ce five sheep, sufeto ya ɗago kai ya ce, "Five sheeps?" don ya gwada shi. Yaron ya girgiza kai ya ce, "No sir, sheep." A nan na ga fuskar ta fara saki. Kafin in kai rabi ya zauna a bakin tabarma, yana bin rajista da biro shiru, yana karɓar dabbobin yana juya su a hannu. Da na gama ya kare fom ɗin da tafinsa ya rubuta abin da zai rubuta, ya ninke ya sa a aljihu. Ya ce, "Makaranta tana nan. Kai kuma ka same ni a ofis ranar Litinin, za ka amsa takardar tuhuma a kan hannun nan." Na amsa ta kuwa, tana cikin fayil ɗina har na yi ritaya. Kafin ya hau babur ya roƙi saniyar laka guda ya kai wa 'yarsa.

Ƙarar babur ɗin ta yi nisa, yara sun watse, ina naɗe tabarmi, sai Ardo ya taso ya tsaya kusa da ni. Ya ce, "Malam, sun cika?"

Na ce, "Kowa ya amsa sunansa, Baffa."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Akwai na rugar ƙanena a gabas da tafki, su ba su taɓa shiga ba. Jibi za su zo." Bakina ya buɗe zan tambaya ko su nawa ne, da ƙyar na kama shi. Ya gani, ya yi murmushi ya ce, "Ka dai nemo tabarmi."

Na sayo uku a kasuwar Garki, ba su isa ba.